Keken da Muhsina Ta Kafe

Litinin, bayan tashi daga makaranta

Yau firinsifal, Malam Ɗanjuma, ya ɗora mini sabon kaya. Wai tunda ni ne malamin wasanni, ni zan koya wa yara yadda ake hawan keke a dawo gida da rai. Yana faɗa yana dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Satin da ya wuce mota ta kwashe Usaini ɗan aji ɗaya a kwanar tasha, har yanzu yana gidan mai ɗori.

Tun da aka hana sayar da mai a jarka, aka yanke layin waya, babur ya zama sai wane da wane. Kowa ya shiga zaure ya zaƙulo tsohon keken kakansa. Da safe ƙofar makarantarmu kamar rumfar mai faci. Wani ba birki, sai ya danna silifas a taya. Wani ba sirdi, an naɗa tsumma. Yara uku a keke ɗaya, na gaba bai san dama da hagu ba. Ni Abdulgaffar da na baro Katsina da takardar koyarwa, ga abin da Batsari ta mayar da ni.

Na roƙi toka a wurin mai abinci, na zana titi a filin ƙwallo, har da kwana da mararraba. Na ce su riƙe dama. Na ce a buga ƙararrawa kafin a sha kwana. 'Yan mata su tattare hijabi su zauna a kai, kada kaca ta ja shi. Abin da ya ci Usaini kuwa, wato jin mota a baya yaro ya ruɗe ya faɗa tsakiyar titi, shi na yi wa waƙa don ya zauna musu:

In ka ji inji a baya,
Rage gudu, koma gefe,
Ƙafa ƙasa, bari ya wuce.

Sun kama ta nan take. Ni kaina na ji daɗin kaina.

Laraba, bayan La'asar

Akwai wata yarinya, Muhsina, 'yar aji biyu. Su biyar suke zuwa tare daga ƙauyen Darini. Kekenta baƙi ne irin na dā, ya fi ƙarfinta, in tana tuƙi sai ta riƙa karkata dama da hagu kafin ƙafarta ta kai feda. Amma duk makarantar nan babu mai tsabtarsa. Tana isowa za ta kafe shi a gindin dogon yaro, ta goge shi da gefen hijabi, ta ja baya ta duba. Na tsokane ta na ce ko ƙanenta ne take yi wa wanka. Ta rufe baki tana dariya, ta ce na Babanta ne. Sunansa Hamma, mahauci ne, da shi yake kai nama kasuwanni kafin a rufe su. Ya ba ta aro ne da sharaɗi: ranar da ya ga ƙwarzane ko ɗaya a jikinsa, ta gama boko.

Ita na sa gaba tana nuna wa saura. Yarinyar akwai kai. Sau ɗaya na nuna yadda ake tsayawa a gefe, ta yi ya fi nawa kyau.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Na ce 'yan Darini su buga ƙararrawa, shiru. Na duba, ashe duk an cusa musu tsumma a ciki. Na hau faɗa, na ce wane irin ƙauyanci ne wannan. Suka dubi juna. Can Muhsina ta ce iyayensu mata ne suka cusa, wai a hanyarsu ba a son ƙara. Na ce to in sun hau kwalta su riƙa cirewa.

Na san abin da take nufi. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Asabar, Safana, da hantsi

Na zo duba matata Amina da Inna. A mota tun daga Batsari kowa na hira, muna zuwa wani wuri mai duhuwa kowa ya yi gum, direba ya kashe rediyo ya taka mai. Da muka wuce wata tsohuwa ta ce Alhamdu lillahi, sai aka ci gaba da maganar tsadar masara kamar ba a yi komai ba.

Ina cin tuwo na rera wa Amina waƙar, ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wannan in babur ɗaya ne. In goma ne fa, Malam?"

Na ce ita dai ba a yin abu ta yaba. Na ce ni hatsarin titi aka ce in koyar, ba ni ne soja ba. Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta ɗauke kwano.

Litinin, lokacin tara

Na samu Malam Ɗanjuma a ofis na faɗa masa maganar Amina, amma ban ce ita ta faɗa ba. Na ce ina so in ƙara wa yara darasi guda: in ƙarar ta yi yawa, kuma daga daji ta fito, a yar da keke a faɗa dawa.

Ya tashi ya tura ƙofa. Ya ce a makarantar nan ba a kiran sunan mutanen. Yau in na ce wa yaro ya gudu, zai kai wa uwarsa, gobe ba za ta bar shi ya fito ba, kuma da ƙyar aka lallaɓo 'yan ƙauyen suka dawo aji. Ya ce ai yaran sun fi mu sanin hanyarsu. In bari sai ranar Alhamis da za a yi taron iyaye, a faɗa a gaban manya.

Na ce to. Gaskiya har wani sanyi na ji, don ban san da wane baki zan faɗa wa yara ba.

Talata, da rana

Sun rera waƙar har ta ishe ni. Muhsina ke bayarwa, saura na amshi. Ta ce har ƙannenta a gida sun iya.

Laraba, da safe

'Yan Darini ba su zo ba. Ko faci suka yi a hanya.

Laraba, Azahar

Har yanzu. Gindin dogon yaro ba kowa.

Laraba, bayan La'asar

Wani mai itace ya shigo gari da labari. Huɗu sun koma gida da ƙafa. Su biyar suka fito.

Ban tambaye shi suna ba. Shi ya faɗa.

Alhamis

Ba a yi taron iyaye ba.

Juma'a, bayan an sauko

Na je Darini jaje. Wasu mutanen garin ne za su koma, na ari keke na bi su. Tun da muka sauka daga kwalta babu wanda ya ƙara magana. Dawa ta fi mutum tsawo dama da hagu, ba ka ganin komai sai hanyar da ke gabanka. Wallahi ban san ina da tsoro haka ba. A wani wuri na gaba ya nuna gefen hanya da haɓa, bai tsaya ba. Na ga sawun tayoyi da yawa a laka.

An kira mini Kulu, ɗaya daga cikin huɗun. Tana magana tana kallon ƙasa. Ta ce sun ji ƙarar tun daga nesa, ta bayansu, kuma da ji an san ba ɗaya ba ne. Su huɗu suka zubar da kekuna suka faɗa dawa. Ita ta kwanta kusa, tana hangen hanya ta tsakanin kara. Ta ga Muhsina ta rage gudu, ta koma gefe, ta sa ƙafa ƙasa. Ta sauka, tana ƙoƙarin kafe keken, ƙasa kuwa da danshi, ƙarfen kafewar yana nutsewa, sai da ta matsar da shi wuri mai tauri. Kulu ta ce ta kira ta a hankali, ta ce ki yar da shi. Ba ta san ko ta ji ba. Ta juyo za ta shigo dawa kenan suka iso.

Da mutanen gari suka je, a tsaye suka tarar da keken, a gefen dama.

Yana nan a zauren Hamma, na gan shi. Ko ƙura babu.

Hamma dogo ne, mai faɗin hannu, idonsa ja wur. Muka gaisa doguwar gaisuwa kamar lafiya ce ta kawo ni. Da na ga zan tashi ban faɗa ba, sai na ce masa ni na koya mata tsayawa. Ni na yi waƙar. Ya girgiza kai.

"Malam, kada ka ɗauki kayan da ba naka ba. Ni na ce mata in ya ƙwarzane ta gama boko. Ɗiyata ta fi tsoron bakina da bindiga."

Na ce ba haka ba ne, Kulu ta ga yadda ta tsaya, sak yadda na nuna a fili. Ya ce tsayawa daban, kafewa daban, ni na ce ta kafe? Muka yi ta ja, kowa na cewa shi ne, har wani dattijo ya ce mu ji tsoron Allah, abin da ya rubuta babu mai gogewa. Muka bar maganar. Amma daga ni har shi babu wanda ya saki.

Lahadi

Ban je Safana ba. Amina ta aiko direba da fura da saƙo, wai Inna ta ce in nemi canjin wurin aiki. Kamar can ɗin Makka ce.

Litinin, da yamma

Ina zaune ƙofar gida na ji 'ya'yan maƙwabta suna wasa suna rera ta. Ƙafa ƙasa, bari ya wuce. Ban san lokacin da na tashi na daka musu tsawa ba. Ƙaramar ta fashe da kuka, uwarta ta leƙo tana tambayar me suka yi. Me zan ce sun yi?

Laraba

Sati guda. Ruwa aka yi jiya kamar da bakin ƙwarya. Da hijabin makaranta kawai ta fita.

Alhamis, bayan Azahar

An ce an aiko wa Hamma saƙo ta bakin wani da aka sako. Tana da rai. Abin da suka ce a kawo ba zan rubuta ba. Garin ya fara haɗa abin da ya samu, mu ma malamai mun yi namu.

Tana da rai. Na rubuta sau biyu don in gani da idona.

Asabar, da safe

Babur ya wuce ta bayan gida ina alwala, buta ta kuɓuce mini. Ɗan acaɓa ne, na san shi, na san uwarsa. Duk da haka sai da na zauna.

Litinin, bayan tashi

Yau na yi abin da ya kamata in yi tun tuni. Ban nemi izini ba. Na fitar da duk masu keke fili, na share zanen tokar da ƙafata. Na ce waƙar nan ta kwalta ce, ta cikin gari, in mota ɗaya ce ko babur ɗaya. In kuwa a hanyar gona ne, ƙarar ta yi yawa, babu gefe, babu ƙafa ƙasa. A saki keke a gudu, a shiga inda ya fi duhu, a kwanta. Na kira sunan mutanen a fili. Malam Ɗanjuma yana tsaye a tagar ofis, bai hana ni ba.

Na ce in na hura usur kowa ya yar da nasa.

Na hura. Wallahi tallahi ko ɗaya bai yar ba. Wannan ya sauka ya kwantar da nasa a hankali kamar jariri. Wancan yana neman inda babu dutse. Wata ta ruga da nata ta jingina a bango sannan ta dawo tana gudu. Na sake hurawa, haka. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Wani ya ce keken Babansa ne, wani ya ce na aro ne, in ya lalace kashinsa ya bushe.

Kulu ta dawo makaranta yau, ita kaɗai daga Darini, yayanta ya rako ta. Na ce ta faɗa musu, ita da ta yar ta tsira. Ta ce gaskiya ne ta tsira, amma da aka ɗauko keken aka ga tayar gaba ta lanƙwashe sai da kawunta ya yi mata faɗa.

Na sallame su. Yara ba wawaye ba ne. Mutanen daji wata rana ne, faɗan gida kullum ne.

Talata, bayan tashi

Na sake fitar da su. Ana cikin wannan lallaɓa kekuna sai na hangi mutum a bakin shinge, riƙe da baƙin keke. Hamma ne. Ya shigo gari sayar da abin da ya rage masa, ya ji usur ya tsaya. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ban san tun yaushe yake kallo ba.

Ya turo keken har tsakiyar fili. Yara suka zuba masa ido, don duk sun san keken waye. Bai yi mini sallama ba. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu ya maka da ƙasa. Wata yarinya ta yi ƙara. Ya ɗauka ya sake makawa, ƙararrawar ta cire ta yi gefe, tsumman yana ciki.

"Ƙarfe ne," in ji shi. "Ku dube shi da kyau. Ƙarfe ne. Duk wanda ubansa ya yi masa faɗa a kan keke, ya ce ya zo Darini ya tambayi Hamma."

Ya kamo hannun wani yaro ya ce hau. Yaron ya hau, na hura usur, ya saki, ya gudu. Sai na biye. Kafin a tashi kowa ya yar da shi, wasu sau biyu, har sun fara dariya suna rige-rige. Hamma ya ce in riƙe shi a makaranta, a yi ta yarwa har hannunsu ya saba. Ya tafi da ƙafa.

Juma'a

Kullum sai mun yi. Fentin ya tafi, kan ya karkace, sirdin ya yage. Yau da na hura usur, yara uku sun yar da nasu na kansu, ba na Hamma ba. Kulu na ciki.

Babu labari.

Litinin

Babu labari. An fara yankan gero.

Laraba

An ce Hamma ya ɗauki abin da aka haɗa ya tafi inda aka ce ya je. Babu waya, babu mai cewa ga inda ya kai. Na shiga aji na rubuta kwanan wata a allo, na tsaya riƙe da alli har wani yaro ya ce Malam lafiya.

Ya Allah, ba don halinmu ba.

Alhamis, Azahar

An sako su. Ta wajen Ruma suka fito da ƙafa, Muhsina da wasu mata. Tana asibiti a nan cikin gari. Malam Ɗanjuma ne ya zo har aji ya faɗa mini, ya kama hannuna, shi ma hawaye yake yi. Na yi sujada a kan simintin aji a gaban yara, ban ji kunya ba.

Asabar, bayan La'asar

An sallame ta, tana gidan ƙanwar Hamma a nan Batsari. Hamma ma ya dawo, da safe ya aiko yaro wai gobe za su koma Darini, ba ta iya taka ƙasa sosai, in ba shi keken ya goya ta. Na kai wa mai faci ya miƙe kan, ya ɗaure sirdi, ya ba tayoyin iska. Na turo shi har gidan. Tunanin fenti ko sau ɗaya bai zo mini ba, murna ta rufe mini ido.

Tana zaune a tabarma a zaure, ƙafafunta a naɗe da bandeji, an ba ta wani hijabi da ya yi mata yawa. Fuskar duk ta zama ido. Hamma na gefe. Na yi sallama daga ƙofa. Ta amsa a hankali, ta ce Malam ina wuni, har tana ƙoƙarin durƙusawa.

Duk kwanakin nan ina cewa in Allah ya dawo da ita zan tambaye ta me ya tsayar da ita, waƙata ko maganar ubanta. Na san shi ma tambayar na bakinsa. Babu wanda ya samu yi.

Idonta ya sauka a kan keken. Ta bi shi da kallo tun daga tayar gaba har ta baya, inda fenti ya tafi, inda ƙararrawa take a dā. Sai na ga ta fashe da kuka. Yarinyar da aka ce ko a asibiti ba ta yi kuka ba.

"Baba, wallahi ba ni ba ce. A tsaye na bar shi, ko ƙasa bai taɓa ba." Ta juyo wajena. "A gefen dama, Malam. Na sa ƙafa ƙasa. Ka faɗa masa. Don Allah kada ya cire ni."

Hamma ya dube ta, ya dubi keken. Ya zame daga kan benci ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Ita kuwa sai rantsuwa take yi.

Na so in saki keken in je wurinsu. Na sa ƙafa zan kafe shi, ashe ƙarfen kafewar ma ya karye tun a fili. Sai na tsaya a bakin ƙofa ina riƙe da shi.